Tudun San Jago: Inda Kakan Mahaifina Ya Yi Gadi

Bashi ne ya kai ni Elmina. Akwai wata abokiyar cinikina, 'yar ƙabilar Fanti, da ta shekara goma sha ɗaya tana sarin atamfa a shagona da ke kasuwar Kejetiya a Kumasi. Ba ta taɓa saɓa mini alkawari ba sai bana. Kifi ya yi ƙaranci a teku, matan masunta suka kasa biyanta, ita ma ta kasa biyana. Turmi arba'in ne a kanta. Muka yi ta ja-in-ja a waya, har na ga gara in taka in je mu zauna ido da ido, don maganar kuɗi a waya ba ta cika ƙarewa da daɗi ba.

Ana saura kwana biyu in tafi, ɗana na biyu, mai shekara 15, ya dawo daga makaranta ransa a ɓace. Wai gardamar ƙwallo ce ta haɗa shi da wani yaro, yaron ya ce masa 'yan zongo baƙi ne, su tattara su koma garinsu. Da dare ya same ni ina lissafi ya ce, "Baba, mu ina ne garinmu?"

Na ba shi amsar da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ba ni. Na ce kakan mahaifina ya iso ƙasar nan tun ba a raɗa mata suna Gana ba. Soja ne. Jirgin ruwa ya kawo shi daga Ikko a shekarar da Turawan Ingila suka karɓi Elmina, ya yi gadi a kan wani tudu a can, daga baya ya ajiye kaki ya kama fataucin goro, ya kafa gida a zongon Kumasi. Takardar sallamarsa daga soja tana nan a adakar mahaifina. A watan Nuwamba na 1969, da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, wannan takarda mahaifina ya riƙa yawo da ita a aljihu. Maƙwabtanmu da yawa sun hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Mu muka zauna.

Na ce wa yaron, "Shirya, tare za mu tafi. Gani ya kori ji."

Mun bar Kumasi bayan sallar asuba. Hanyar ta ratsa Asin Fosu, ta bi ta Asin Manso, inda akwai rafin da a da ake tsayar da bayin da aka koro daga arewa, daga kasuwanni irin su Salaga, a yi musu wanka kafin a ƙarasa da su bakin teku. Daga Kep Kos zuwa Elmina ɗan taƙi ne, bai kai kilomita 15 ba. Tun kafin ka ga garin hancinka zai gaya maka ka iso: ƙarnin ɗanyen kifi, hayaƙin banda, da iskar gishiri. A bakin gadar da ta ƙetare ruwan Benya kwalekwale ne jere ba iyaka, kowanne da tutarsa da rubutunsa, wani ayar Baibul, wani sunan ƙungiyar ƙwallo. Tsallaken gadar ga babban farin ginin nan da kowa ke kira Kasul. Ta wannan ɓangaren kuma, a kan tudu, ga wani ƙaramin farin gini yana leƙensa daga sama.

Mame, haka nake kiranta, ta tarbe mu da dokunu da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono. Na buɗe baki zan ɗauko maganar da ta kawo ni, ta ɗaga hannu. "Alhaji, ba a lissafi da rana tsaka. Sai yamma." Na ce to, kafin nan za mu hau tudun can in nuna wa yaro. Ta yi dariya ta ce rabonta da hawansa tun tana 'yar makaranta. Ta ɗaura ɗankwali ta ce mu je tare.

Tudun ba shi da tsawo can, amma hanyar a miƙe take, babu sassauci. Yaron ya haye kamar akuya. Ni da Mame sai da muka tsaya sau biyu muna haki, kowa yana ɗora wa gwiwarsa laifi. A sama muka ƙetare 'yar gada a kan rami, muka shiga ƙofa, muka biya kuɗin shiga kaɗan. Wani saurayi ɗan jagora ya karɓe mu.

Idon ɗan kasuwa ba ya hutu. Na duba tsakar gidan, ƙarama ce. Ga ɗakunan sojoji, ga hasumiya, ga katanga mai kauri da bakunan igwa. Na tambayi saurayin, ina sito? Ina suke ajiye kaya? Ya ce ai abin da ya bambanta wannan kagara da sauran gidajen Turawa na bakin tekun Gana ke nan. Yawancinsu shaguna ne masu bindiga, da rumbunan kaya da kurkukun bayi a ƙasa. Wannan kuwa ba a gina ta don saye da sayarwa ba. Aikinta ɗaya, gadin Kasul.

Ya kai mu bakin katanga, sai na gane dalili. Daga nan Kasul yana ƙasanka kamar faranti a kan tabarma. Kana ganin rufinsa, kana ganin ƙofarsa, kana ganin duk wanda ya shiga ko ya fita.

Turawan Fotugal ne suka gina Kasul a 1482, saboda zinariya. Fataken Akan da Wangarawa suna sauko da ita daga cikin ƙasa, su karɓi tufafi da tagulla da duwatsun ado. Sunan Elmina ma daga kalmarsu ta mahaƙar ma'adini ya samo asali, 'yan gari kuwa Edina suke cewa har gobe. Mutanen Fotugal sun zuba igwa suna fuskantar teku, don ta nan suke tsammanin abokin gaba. Tudun da ke bayansu kuwa, ɗan ƙaramin coci suka ɗora a kai da sunan wani waliyyinsu, San Jago, shi ne sunan da ya bi tudun.

Turawan Holan sun daɗe suna haɗiyar yawu a kan wannan ciniki. A 1625 suka kawo hari, mayaƙan Elmina da ke goyon bayan Fotugal suka yi musu kwanton ɓauna suka karkashe su da yawa. Suka koma suka yi nazari. A watan Agusta na 1637 suka dawo da jiragen yaƙi daga Birazil. Wannan karon ba su tunkari katangar Kasul ba. Tudu suka kama, suka jawo igwa zuwa sama, suka juya bakinta ƙasa. Cikin 'yan kwanaki mutanen Fotugal suka miƙa wuya. Shekara 155 suna riƙe da gidan, ɗan tudun da suka raina ya raba su da shi.

Da yake 'yan Holan sun san ta ƙofar da suka shigo, ba su bar ta a buɗe ba. Nan take suka yi wa tudun shingen ƙasa, a shekarun 1660 suka mai da shi ginin dutse, suka sa masa suna Coenraadsburg. Dabarar ta yi musu rana: a 1782 sojojin Ingila suka zo su yi musu abin da suka yi wa Fotugal, kagarar ta hana su. A ƙarƙashin wannan gadi ne cinikin Kasul ya juya daga zinariya zuwa mutane. Dubban bayi sun kwana a ɗakunan ƙasa na gidan can kafin a fitar da su ta wata 'yar siririyar ƙofa zuwa jirgi.

Saurayin ya nuna mana wani tudu a cikin gari ya ce sunansa Tudun Jaba. Jaba tsibiri ne a Indunusiya, wadda a lokacin take hannun Holan. Tsakanin 1831 da 1872 sun kwashi 'yan Afirka kimanin 3,000 ta Elmina zuwa can don su yi musu aikin soja. A 1837 har yarjejeniya suka ƙulla da Sarkin Asante Kwaku Duwa na ɗaya don ya riƙa samo musu mutane, kuma da yawan waɗanda aka samo bayi ne 'yan arewa, aka fanshe su da sharaɗin za a cire kuɗin daga albashinsu. Waɗanda suka dawo da rai aka ba su fili a wancan tudun. Na dubi zanen da ke jikin Mame, atamfa 'yar Holan ce da ta saya a shagona. Asalin irin wannan rini na kakin zuma daga Jaba yake, masana'antun Holan suka kwaikwaya, suka samu kasuwarsa a bakin tekun nan. Shekara talatin ina cin abinci da wannan haja, sai ran nan na tsaya a inda hanyarta ta biyo.

Yaron ya gaji da jiran nasa labarin. Ya ce wa saurayin, "To yaushe Turawan Ingila suka zo?"

Saurayin ya ce ba da yaƙi suka samu wurin ba, ciniki aka yi. Bayan an hana fataucin bayi, gidajen nan sun zame wa Holan kaya, sai kashe kuɗi babu riba. Suka daidaita da Ingila, a watan Afrilu na 1872 suka sauke tutarsu bayan shekara 235, Ingila kuma ta sakar musu mara a tsibirin Sumatara. Matsalar ita ce ba a tambayi masu gari ba. Ga shi kuma 'yan Holan sun daɗe suna biyan Sarkin Asante wani kuɗi a kai a kai. Su suna kiransa kyautar zumunci, Asante suna kiransa kuɗin haya. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo baya in ɗan haya ya sayar da shago bai gaya wa mai gida ba. Sarkin Asante Kofi Karikari ya tura runduna kudu. Sarkin Elmina Kobina Gyan ya ƙi yi wa Ingila mubaya'a, suka kama shi suka kai shi Saliyo. Garin ya rabu biyu, unguwannin da ke jikin Kasul suna tare da sarkinsu da Asante.

Nan Mame ta karɓe zancen. Ta miƙa hannu ta nuna wani fili da ke yamma da Kasul, tsakanin teku da ruwan Benya. Fili ne fetal, sai kwalekwalen da ake gyara da komar da aka shanya.

"Can ne garinmu na asali," in ji ta. "Gidan kakannin uwata yana can. Gidajen dutse ne, har da benaye."

Saurayin ya cika mata da kwanan wata. Ranar 13 ga Yuni, 1873, Turawan Ingila suka ba mutanen unguwannin wa'adi su miƙa bindigoginsu. Wa'adi ya cika, suka buɗe wuta daga Kasul da kuma jiragen da suka shigo ruwan Benya. Garin ya ƙone ƙurmus, kuma ba a bar kowa ya sake gini a wurin ba. A ranar aka gwabza da mayaƙan Asante a bayan gari. Cikin waɗanda suka yi wa Ingila wannan aiki akwai sojojin ruwansu, akwai baƙaƙen sojoji daga tsibiran Karibiyan, akwai kuma Hausawa da aka kawo daga Legas.

Mame ta ce, "Kakata ba ta cika zagin Bature ba. Masu jar dara take zagi. Buga-buga, haka ake kiransu."

Kalmar Hausa ce tsaf a bakin 'yar Fanti, kuma ba sai an fassara mini ita ba. Ina tsaye ina lissafi a zuci. An kawo shi a 1872. An ƙone gari a 1873. Ban gama ba yaron ya riga ni, da ƙarfi kuma, cikin Turanci yadda kowa zai ji: "Baba, ashe kakanmu yana nan lokacin!"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekara goma sha ɗaya muna ciniki da matar nan ban taɓa gaya mata ina da wata alaƙa da garinsu ba. Saurayin ya sunkuyar da kai yana wasa da makullansa. Mame ta juyo ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Alhaji, ashe kai ma akwai bashi a kanka."

Ta yi dariya, ni ma na yi, amma kowa ya san dariyar ba ta kai ciki ba.

Muka koma inuwar hasumiya muka zauna. Yaron ya matso ya rage murya. "Baba, to shi yana wane ɓangare ne? Mugu ne?"

Na gaya masa abin da na sani, har da wanda mahaifina ba ya son faɗa sai in dare ya yi nisa. Mutumin nan ba da fatauci ya bar ƙasar Hausa ba. Kama shi aka yi yana yaro, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har ƙasar Yarabawa. Ya gudu ya shiga Ikko. A can wani Baturen Ingila, Kyaftin Gulofa, ya fara tara irinsu tun 1863, yana ba su kaki da bindiga da albashi. Yawancinsu bayi ne gudaddu, kuma ba duka ne Hausawan haihuwa ba, harshen ne ya haɗa su har sunan ya bi su duka. Wanda ya sa kakin nan, ubangijinsa na da ba shi da ikon sake kama shi. Bature kuwa ya san abin da yake yi. Ya fi son baƙo wanda ba shi da uwa ba shi da ƙanwa a garin da za a tura shi, don in an ce ya buga, zai buga.

Na ce masa, "Wannan shi ne dalilinsa. Dalili kuma ba ya wanke hannu. Gidan kakannin Mame ya ƙone, kuma namu yana cikin rundunar da ta yi aikin. In ka ɗauki takardar nan kana alfahari da ita, to ka ɗauka da wannan a haɗe."

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Waɗanda suka sa hannu a cinikin Elmina suna zaune a Landan da Heg, ba su ji ƙaurin hayaƙin ba. Wanda mutanen gari suka gani da idonsu shi ne mai jar dara. Kuma shi mai jar darar, da ya tsufa, ba Landan aka kai shi ba. A nan aka sallame shi, a zongo, a tsakiyar mutanen da aka sa shi ya buga. A nan ya yi aure, ya koyi harshensu, ya yi ciniki da su, aka binne shi a ƙasarsu. Unguwannin zongo da dama a kudancin Gana da irin waɗannan tsofaffin sojoji suka fara, kafin fataken goro da na shanu da malamai su cika su.

Saurayin ya ƙarasa mana sauran a gurguje. A 1874 Ingila ta ƙone Kumasi. A 1896 suka kama Sarkin Asante Perempe na ɗaya, suka tsare shi a Kasul ɗin can kafin su wuce da shi Saliyo, daga nan tsibirin Seshel. Ita kuwa kagarar, da ba sauran wanda za ta yi gadi dominsa, an mai da ita kurkuku, an yi asibiti, an yi masaukin baƙi. Ingila ta tafi a 1957. A 1979 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran gidajen Turawa na bakin tekun. Dauloli uku sun riƙe tudun nan, kowacce tana ganin ta zauna ke nan. Yau ƙadangaru ne ke shan rana a kan igwarsu.

Mun sauko muka yi la'asar a masallacin zongon Elmina, sannan muka koma shagon Mame. Ta ɗauko littafinta, na ɗauko nawa. A hanya na riga na yanke a raina zan yafe mata turmi goma. Ina fara faɗa ta rufe littafin da ƙarfi.

"Kada ka soma, Alhaji. Atamfa goma ce kuɗin gidan kakata? Wancan ba naka ba ne da za ka biya, ba nawa ba ne da zan karɓa. Wannan kuwa nawa ne, kuma zan biya."

Muka raba bashin kashi uku, zuwa bayan Kirsimeti. Na ce zan aiko mata da sabon turmi goma sha biyar don kada shagon ya zauna babu kaya, wannan kam ta karɓa. Da za mu tafi ta cika wa yaron leda da bandar kifi ta ce ya kai wa uwarsa. Ta kama kunnensa ta ce masa da Turanci, in wani ya sake ce masa baƙo, ya ce yana da uwa a Edina, a zo a tambaye ta.

A mota yaron bai yi magana ba har muka wuce Asin Manso. Can ya ce in mun isa gida yana son ganin takardar da idonsa. Na ce to. Ya ce kuma yana son ya ɗauki hotonta, don ta fara cinyewa ta wajen ninkin, kamar yadda na faɗa. Na ce wannan ma to.

'Yan'uwa da ke bin hanyar Kep Kos ko Takoradi da kaya, ku daure wata rana ku ratse Elmina, ku tafi da yara. Ku fara hawa tudun San Jago kafin ku shiga Kasul, don daga sama ne za ku gane yadda aka tsara wurin. Ku je da safe kafin rana ta yi zafi, ku riƙe ruwan sha, dattijo kuma ya hau a hankali. In kifi kuke so ku haɗa da shi, kada ku je ranar Talata, masunta ba sa fita teku. Wanda kuma yake da tsohuwar takarda a adakar gidansu, ko tsoho mai sauran tunani, ya zauna ya tambaya tun da sauran lokaci. Mahaifina ya rasu da abubuwa da yawa a bakinsa da ban tambaye shi ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu, ya ba mu zaman lafiya da mutanen da muke zaune a cikinsu.